Tambaya da Amsa: Na Biya Kuɗi, Sun Ce Kuskure Ne Sun Soke Odata

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Makon jiya da daddare ƙanwata ta turo min hoton wani injin wanki a shafin wani babban kantin intanet, farashinsa bai kai kashi ɗaya bisa goma na yadda na san shi ba. Ban yi wata-wata ba na saya. Kuɗi suka fita daga asusuna, suka turo min imel har da lambar oda. Na ma riga na yi wa maigidana albishir. Bayan kwana biyu sai ga saƙo wai kuskuren farashi ne, sun soke, za su maido min da kuɗina. To ni ina ruwana da kuskurensu? Ba ni na rubuta farashin ba. Na biya, sun karɓa, ai ciniki ya faɗa. Zan iya tilasta musu su kawo min kayana? (Daga wata mai karatu)

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba: da wuya ki ga injin nan. Amma ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, domin akwai wurin da za ki duba wanda zai iya juya maganar.

Kafin in koma rubutu na yi shekara bakwai ina aikin shigar da farashi da sauraron koke a wani kantin intanet, kuma ni kaina na taɓa yin irin wannan ɓarnar. Wata ranar Alhamis da yamma, ina sauri in tashi, na sa farashin na'urar sanyaya ɗaki, sifiri ɗaya ya faɗi ban lura ba. Na kashe kwamfuta na tafi gida na yi barcina. Gari bai gama wayewa ba wayata ta fara ruri, oga ne, muryarsa har rawa take. Na'urar da a mako guda muke sayar da biyu ko uku, a dare ɗaya an yi odar fiye da ɗari biyu. Da na isa ofis na zauna ina bin jerin sunayen da yatsa, sai na ci karo da wani bawan Allah da shi kaɗai ya yi odar guda arba'in. Na daɗe ina kallon lambar. Wa ke da ɗaki arba'in? Shi ne kuwa ya fi kowa zaginmu a waya da muka soke.

Na ba ki labarin ne don ki san yadda abin yake daga ciki. Imel ɗin farko da kika samu ba mutum ne ya tura shi ba. Na'ura ce, kuma ba ta san tsada ba ta san araha ba. Ko da farashin ya koma sifiri zalla za ta ce miki an gode.

Yanzu ga inda ke da doka kuka saɓa. Ke a ganinki kanti ya yi tayi da ya liƙa farashi, ke kuma kin amsa da kika biya. A dokar ƙasashe da yawa, musamman masu bin tsarin shari'ar Ingila, abin a juye yake. Farashin da ke kan kaya kira ne kawai a zo a taya. Ke ce kika taya da kika danna maɓallin saye, sai mai kaya ya sallama tukuna ciniki ya faɗa. Wannan ba sabuwar magana ba ce da intanet ya kawo. Tun 1953 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke haka a shari'ar kantin magani na Boots: ɗaukar kaya daga kan kanta ba saye ba ne, ciniki yana ƙulluwa ne a wajen mai karɓar kuɗi.

To a intanet yaushe ne mai kaya ya sallama? Nan ne nake so ki ajiye mujallar nan ki buɗe imel ɗin da suka turo miki, ki karanta shi kalma-kalma. Idan cewa ya yi sun samu odarki, ana dubawa, to shaida ce kawai cewa saƙonki ya isa. Galibin manyan kantuna sun rubuta a cikin sharuɗɗansu, waɗannan dogayen rubuce-rubucen da dukkanmu muke danna "na yarda" ba mu karanta ba, cewa babu ciniki sai ranar da suka sanar da ke an ɗora kaya a hanya. Idan kuwa imel ɗin ya ce sun amince da odarki, ko ya kira kansa shaidar cinikin da aka ƙulla, to kin samu abin riƙewa.

Wannan ɗan bambancin ya taɓa raba kamfanoni biyu a Birtaniya. A farkon 2002 Kodak ya sa wata kyamara a fam 100 maimakon fam 329. Da farko ya ce ba zai bayar ba. Sai masu saye suka fito da imel ɗin da ya tura musu, wanda lafazinsa ya nuna an riga an ƙulla ciniki, ga shi kuma fam 100 ba farashin da hankali zai ƙi ɗauka ba ne a matsayin rangwame. Ƙarshe Kodak ya haƙura ya ba da kayan. A shekarar 2003 kuma Amazon na Birtaniya ya sa wata ƙaramar kwamfutar aljihu ta iPAQ a fam 7.32, alhali kuɗinta ya haura fam 270. Jama'a suka yi ca. Amazon ya soke duka, ya nuna sharaɗinsa cewa ciniki ba ya ƙulluwa sai an tura imel na fitar kaya. Magana ta mutu a nan.

Sai dai ko da imel ɗinki ya yi miki daɗi, akwai tudu na biyu, kuma ke da kanki kika gina shi a cikin wasiƙarki. Kin ce farashin bai kai kashi ɗaya bisa goma na yadda kika san shi ba. Da lauyan kantin zai ga wannan jimlar da ya yi murmushi. Ƙa'idar ita ce, wanda ya san abokin cinikinsa ya yi tuntuɓe a farashi, ko kuma duk mai hankali a matsayinsa zai gane, ba a barinsa ya yi wuf ya cafke. A 1939 wasu 'yan kasuwa a Landan sun yi tayin fatun zomo 30,000 na Ajantina, suka rubuta farashin a kan nauyin laba maimakon a kan kowace fata, alhali laba ɗaya fata wajen uku ce. Mai saye ya yi maza ya amsa. Alƙali ya ce ka san yadda ake cinikin fata, ka san kuskure ne, babu ciniki.

Wadda ta fi kama da taki ita ce ta Singafo. A watan Janairun 2003 kantin intanet na Digilandmall ya wayi gari da firintar HP a dalar Singafo 66, alhali kuɗinta 3,854. Wasu abokai shida suka kira juna cikin dare, suka yi odar firinta 1,606 a tsakaninsu. Da aka soke suka garzaya kotu. Babbar kotu ta kore su a 2004, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2005. Abin da ya kashe su shi ne yawan odar, da tsakar daren da suka yi ta, da saƙonnin da suka riƙa tura wa juna. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Ba na haɗa ki da su, kada ki fahimce ni ba daidai ba. Injin ɗaya kika saya don gidanki, ba kasuwa kika buɗe ba, kuma na san zafin a yi wa mutum albishir a janye. Amma ma'aunin ɗaya ne. Da rangwamen kashi 30 ne ko 40 cikin ɗari, ko ma rabi a lokacin da kantin ke shelar garaɓasa, da na ce ki tsaya tsayin daka, domin babu yadda za a yi ki gane kuskure ne. Kashi 90 kuwa, ba tare da wata sanarwa ba, zuciyarki ma ai ta ɗarsa. Ni a ra'ayina, ko ba kotu, ciniki yardar juna yake so, kuma wanda sifiri ya kuɓuce wa bai yarda da komai ba.

Abin da zan yi da ni ne ke: in rubuta musu, ba waya ba, rubutu, cikin lalama, in haɗa da hoton shafin da lambar oda, in ce na saya da zuciya ɗaya, me za ku yi min? Lokacin da nake wancan aikin ana ba mu damar yi wa irin wannan kwastoma ragi na gaske, kuma masu laushin harshe muke fara kira. Wani lokaci ma kamfani kan haɗiye asarar don kare sunansa. Kamfanin jirgin sama na Cathay Pacific ya yi haka a farkon 2019, da ya sayar da kujerun alfarma daga Biyetnam zuwa Amurka a kusan dala 675 bisa kuskure, ya ce wa waɗanda suka saya su zo su hau. Amma wannan kyauta ce, ba bashi ba.

Abu ɗaya ne zai sa in canza amsata gaba ɗaya. Idan kika koma shafin kika tarar farashin yana nan bai motsa ba, ko suka kira ki suna cewa wancan ya ƙare amma ga wani mai tsada, ko kika ji kowane wata sai sun yi irin wannan "kuskuren", to wannan tarko ne aka ɗana da ƙaramin farashi. Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin haramtattun dabarun kasuwanci tun dokarta ta 2005, kuma hukumomin kare haƙƙin masu saye suna hukunta shi. In haka ne ki ɗauki hotuna masu kwanan wata ki kai musu ƙara.

TAMBAYA: Malam, ni ma an soke min odar waya, ban yi musu ba. Amma yau mako uku ban ga kuɗina ba. Da na matsa sai suka ce sun zuba min su a asusun kantin, in sayi wani abu. Haka ake yi? (Daga wani mai karatu)

AMSA: A'a ɗan uwa, ba haka ake yi ba, kuma a nan kai ne da gaskiya ɗari bisa ɗari. Su suka fasa, ba kai ba. Wanda ya fasa ciniki ba shi da hurumin riƙe kuɗin mutane ya ce dole a wajensa za a kashe su. A Amurka dokar Hukumar Kasuwanci ta Tarayya kan sayayya ta intanet da waya da gidan waya ta hana a biya mutum da takardar sayayya a madadin kuɗinsa in an kasa kawo kaya, kuma ta ba da kwana 7 na aiki a mayar wa wanda ya biya kuɗi hannu. A Tarayyar Turai ma, in mai saye ya janye daga ciniki, ta hanyar da ya biya ake mayar masa cikin kwana 14, balle kuma mai kaya ne ya janye.

Fara duba bayanan asusunka tukuna. Wani lokaci ba a cire kuɗin ba, banki ne ya riƙe su yana jiran kanti ya karɓa, in bai karɓa ba su saku da kansu. Amma mako uku ya yi yawa ga wannan. Rubuta musu ka ce ba ka karɓi kuɗin asusun kanti ba, ka ba su wa'adi na kwana bakwai. Kada ka taɓa ko kaɗan daga abin da suka zuba, domin da zarar ka kashe za su ce ka amince. In wa'adi ya cika, kuma da kati ka biya, je bankinka ka ce kana ƙalubalantar cirar saboda ba a kawo kaya ba. Tsarin Visa da Mastercard yana da hanyar janyo kuɗi daga mai kaya, galibi cikin kwana 120, don haka kada ka zauna jiran alkawarin "gobe". Wanda ya tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mai kaya ba shi da wannan gatan, shi ya sa kullum nake nanata a biya da kati.

TAMBAYA: Ni kam har an kawo min kayan, talabijin ce, na kafa ta. Sai ga saƙo wai in cika kuɗi ko in mayar. (Daga wani mai karatu)

AMSA: Kai ka fi waɗancan biyun ƙarfi, domin mai kaya ya sallama har ya miƙa. Ba su da ikon taɓa katinka su ciri ciko ba da izininka ba, in sun yi ka sanar da banki a ranar. Amma kada ka ɗauka an gama. A Jamus a 2005 babbar kotun tarayya ta goyi bayan wani mai kanti da manhajarsa ta sa kwamfutar tafi-da-gidanka a yuro 245 maimakon 2,650, duk da an riga an kai wa mai saye, ta ce a mayar. Ba ka gaya min girman gibin farashin ba, kuma shi ne zai raba gardama. In ɗan kaɗan ne, ka amsa musu a rubuce cewa ciniki ya kammala. In irin na sifirin nan ne, kuma ka zaɓi mayarwa, to kuɗin ɗauka da na wanda ya kafa maka ita a bango a kansu yake, kuma sai kuɗinka sun shigo ko an ba ka takardar shaidar karɓa mai sa hannu kafin ta bar gidanka. Kafin a daidaita dai, kada ka yar da kwalin.