Dutsen da kika gani a kicin ɗina na Houston

Yaya ina wuni, ya yara, ya ƙoƙari? Na ga tambayarki kan hoton nan, wai meye wannan baƙin dutsen mai ƙafa uku da ke gefen murhu, kuma da gaske ne mu 'yan Houston ta Amurka mun bar tuwo mun koma abincin 'yan Meksiko. Tuwo dai yana nan ba mu bari ba, jiya ma miyar kuka na kaɗa, amma gaskiya ne gidajenmu da yawa yanzu sai kin ga kayan girkinsu, kuma akwai dalili.

Dutsen sunansa molkahete, ɗan abin dakan kuma teholote. Da dutsen aman wuta ake sassaƙa shi shi ya sa yake da ƙananan ramuka da kaushi, kuma kaushin nan shi ne amfaninsa. Kin san a gidan haya na sama ba ki isa ki kafa turmi kina lugude ba, na ƙasa zai kira masu gida tun kafin ki gama daka citta. To mu da muka zo mun yi ta fama da bilenda, tana maida attaruhu ruwa tsululu, miya ta fito kamar ba hannun mutum ya yi ta ba. Ranar da na shiga gidan maƙwabciyata 'yar jihar Michoakan ta Meksiko na tarar ta gasa tumatir da barkono da tafarnuwa tana murza su a dutsen nan, wallahi ƙamshin jajjagen Inna ne ya doki hancina, na tsaya na kasa magana. Ita miyar da suke kira salsa take yi, ni kuma tun ranar a ciki nake jajjage da daka daddawa.

Amma fa sabo ba a girki da shi kai tsaye. Ita ta zaunar da ni ta zuba ɗanyar shinkafa ta ce in yi ta murzawa, garin ya fito toka-toka saboda tsakuwa, a zubar a sake zuba wata, haka har sai ya fito fari tas, ni sai da na kwana uku ina yi hannuna har ya yi kanta, sannan aka bi shi da tafarnuwa da gishiri. Ba a wanke shi da sabulu don ramukan suna riƙe wari, ruwan zafi da burushi kawai. Akwai na jabu da ake yi da siminti, shi ko shekara kika yi kina murzawa yashi ba ya ƙarewa, na taɓa saye a wata kasuwa kuɗina ya tafi a banza. Suna da babbansa ma, metate, wannan kam dutsen niƙa ne sak irin na kakanninmu, a durƙushe ake niƙa.

Masara kuwa Yaya ai tasu ce tun asali, a kudancin Meksiko aka fara nomanta wajen shekara 9,000 da suka wuce, barkono ma daga nahiyarsu ya iso mana. Su ba sa surfe irin namu. Dafa ta suke da wata farar hoda da suke kira kal, ƙonannen dutsen farar ƙasa ne, wasu da toka suke yi, ta kwana a ruwan, da safe a murje dusar ta saɓule a niƙa ta da danshinta. Kin ga kamar yadda muke jefa kanwa a wake. Wannan dahuwar ce ke sa jiki ya iya cin amfanin sinadarin niyasin da ke cikin masara, wanda rashinsa ke kawo ciwon felagira mai lalata fata. Ƙullin kuma sunansa masa, ranar farko da na ji na ɗauka waina za a kawo min. Yanzu yawanci garin Maseca ake saya a kanti irin su Fiesta a kwaɓa da ruwa. Na gwada tuƙa tuwo da shi, ya tuƙu amma ƙamshin kal ɗin bai shiga da kuka ba, don haka tuwo garinsa daban.

Gurasarsu tortiya da shi ake yi. A mulmula ƙullin kamar ƙwallon fura a sa tsakanin leda biyu cikin wani maƙalallen ƙarfe mai mariƙi, a danna sau ɗaya ta baje, sai a ɗora a komal. Komal faifan gashi ne na ƙasa ko na ƙarfe, ba a zuba mai, a juya sau biyu, in ta kumbura kamar balan-balan to hannunki ya faɗa. Yarana da miyar taushe suke ci, babansu kuma da tsire.

Abin da ya fi ba ni mamaki moliniyo, maburgi ne Yaya, na katako mai zobba, tsakanin tafin hannu biyu suke murza shi su tada kumfar cakulan, ni kuɓewa nake burgawa da shi. Tukunyar tamal ɗinsu kuma, wato ƙullin masara da suke naɗewa a ganye su turara kamar alala, madambaci ce babba, a cikinta matanmu ke turara dambu da alala in ana suna, kuma mun ɗauki dabararsu ta jefa kwabo a ruwan ƙasa, muddin kina jin ƙararsa to ruwa na nan, in ya yi shiru a ƙara ruwa. Zoɓo ma suna sha sosai, hamaika suke ce masa, kuma ana kai musu shi daga Najeriya, na su Jigawa.

Inda muke taka-tsantsan shi ne kitsen alade, manteka. Tamal na gargajiya da shi ake kwaɓawa, haka soyayyen wake da tortiyar fulawa sau da yawa, shi ya sa duk Bahaushiyar da ta zo kalmar da muke fara koya mata kenan. Kuma shi ne babban dalilin da ya sa muka sayi kayan muke yi a gida da man shanu da naman halal, ba ma sayen molkahete ko tukunyar ƙasa na hannu tunda suna shan maiƙo ba ki san me aka taɓa yi a ciki ba. Tukwanen ƙasa masu sheƙi ma sai an duba, fentin wasu akwai dalma a ciki, hukumar abinci ta Amurka ta sha yin gargaɗi.

In Allah Ya kai mu hutu zan taho miki da ƙarfen danna tortiyar da kal kaɗan mu gwada da farar masarar gonar Baba, dutsen dai nauyinsa ba zai bari ya shiga akwati ba. Ki gaida min Inna, ki ce ta ajiye min daddawa.