Amsa: Na sauya jami'a, ina jin rubutuna bai kai ba

'Yar'uwa, kin ce tun da kika koma sabuwar jami'a kike ganin rubutunki bai kai na 'yan ajinku ba. A ganina ƙa'ida ce ta sauya miki. Wani malamin taƙaita abin da kika karanta ya ishe shi, wani kuwa sai kin kafa hujja kin kare ta. Hatta salon kawo madogara ya bambanta: APA a ilimin halayyar ɗan Adam, MLA a adabi. 'Yan ajinku sun riga ki sabawa ne kawai.

Ki samu malaminki a ofis, ki roƙi samfurin aikin da ya ci maki mai kyau. In akwai cibiyar taimaka wa ɗalibai da rubutu, ki kai musu daftarinki tun kafin ranar miƙawa.