Muryar Baffa kan batun kai yara yawon buɗe ido

(Na rubuta muryar da Baffa ya turo a zaurenmu jiya da daddare saboda waɗanda ba su da datar saukewa. Amsa ce ga Malam, da ya tambayi shawara kan kai ɗalibansa Kano.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa barkanmu da dare, ya zafi, ya iyali. Malam, ɗana, na saurari muryarka. Ka ce iyayen yara sun haɗa kuɗin mota guda, kana so ka ɗebi 'yan aji biyar zuwa gidan namun daji na Kano cikin watan huɗu, kana tambaya ko akwai inda ya kamata ku biya. To Allah ya yi maka albarka. Yaran ƙauyen nan da yawansu ba su taɓa wuce kasuwar Gumel ba, duk wanda ya fitar da su suka ga duniya ya yi musu gata.

Amma don Allah ka saurare ni a kan lokaci. Kada ka tafi da su a watan huɗu. Tsakiyar bazara ke nan, zafi yana haura digiri 40. Ko da kun tashi bayan sallar asuba, kafin ku ratsa cunkoson Kano ku yanki tikiti, hantsi ya riga ya dubi ludayi. A irin wannan lokacin zaki ya shige ɗakinsa ya miƙe, kura ta lafe a lungu, kada ya nutse sai ƙofar hancinsa kawai. Yara za su yi ta leƙen keji suna tambayarka ina dabbar take. Ba laifin masu gidan ba ne, halittar dabba ce, a daji ma da rana tsaka ba ta motsi. Ga kuma lokacin sanƙarau, ba na son a cusa yara cikin mota guda a wannan zafin.

Ƙanwarka ma da ta turo mana bidiyon lambun furannin nan na Dubai tana cewa ku ga ikon Allah a tsakiyar hamada, to lambun nan da aka buɗe a 2013, da ruwan da aka yi amfani da shi aka tace suke ban ruwa, ta siraran robobi, ɗigo-ɗigo zuwa gindin kowace shuka. Duk da kuɗinsu, idan zafi ya kankama rufe lambun suke yi sai sanyi ya dawo. Su ma sun san ƙasar rairayi tana da lokacin ziyara.

Ka ajiye kuɗin nan a hannun mai amana har watan sha biyu ko watan ɗaya. Yaranka suna aji biyar, lokacin sun shiga aji shida, babu inda za su. Kuma ka kauce wa makon Sallah. Duk wanda ya san Kano ya san yadda wurin nan yake cika maƙil da Sallah, uwa ma da ƙyar take riƙe 'ya'yanta uku, balle kai mai aji guda.

Yauwa. Shi gidan namun dajin, a zamanin marigayi Audu Bako aka yi shi, a farkon shekarun 1970. Shi ne gwamnan farko na jihar Kano, ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, shi ya sa gidan yake ɗauke da sunansa. Ka gaya wa yara a lokacin mu ma Kanawa ne, sai a 1991 aka yanke mana Jigawa. Ku shiga da zarar kun isa, ku fara da manyan dabbobi tun suna da kuzari. Abin da nake roƙonka shi ne ka tafi da tsoho guda daga ƙauye, irin waɗanda suka yi farauta ko kiwo. Idan yara suka tsaya gaban kura, ya gaya musu da bakinsa cewa da can kukanta ake kwana ji a bayan gari, da ita ake tsorata yaro ya shiga ɗaki. Barewa da gada, kakanninsu sun gan su a gonakin da yau ko zomo sai an dace. In ba haka ba yaro zai ɗauka dabbobin nan daga wata ƙasa aka kawo su duka, ba zai san dajinsa ne ya ƙare ba. Ka ja musu kunne tun a mota: ba jifa, ba zura hannu, ba miƙa wa biri abinci.

Idan rana ta take, ku fito ku nufi cikin birni, Gidan Makama, kusa da gidan Sarki. Da gangan na ce ku je can da rana, zan gaya maka dalili. Gidan nan tun ƙarni na 15 yake, zamanin Muhammadu Rumfa, sarkin da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, wanda ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya kuma kafa kasuwar Kurmi. Yanzu gidan tarihi ne. Za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, za su ga kayan yaƙi na da, da hotunan lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, zamanin Sarki Alu. Duk wannan masu gidan za su yi musu bayani fiye da ni. Nawa ɗaya ne. Idan kun shiga soro, ka ce kowane yaro ya ɗora tafin hannunsa a bango. Zai ji sanyi, alhali a waje rana tana dukan ƙasa. Ka ce ya dubi kaurin bangon a bakin ƙofa, sannan ya ɗaga kai ya ga bakan gizo, ya ga yadda aka jera azara, itacen giginya da gara ba ta iya masa. Ba fanka, ba lantarki, tubali ne da ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi yake sakinsa. Mu yanzu kowa burinsa bulo da kwano, mu yi gini mu kasa kwana a ciki watanni uku. Ina so ko yaro ɗaya ne a cikinsu ya taso yana tunanin nan, watakila shi zai zama maginin da zai haɗa mana na da da na yanzu.

In lokaci ya rage ku leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa. Gidan Baturen nan ne Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Tunda 'yan boko ka ɗebo, su ga inda abin ya faro. Marinar Ƙofar Mata kuwa a hanya take, tsayuwar minti kaɗan ta isa su ga baba a karofi. Dutsen Dala ku bar shi, yaran da suka wuni a ƙafa ba a hau da su dutse.

To, yanzu ga maganar da ta sa na danna wayar nan tun farko. Kowa a zauren nan Kano yake ambata, babu wanda ya ce Baturiya. Wallahi abin ya taɓa ni. Na yi aikin gandun daji har na yi ritaya, kuma ina gaya muku a nan jiharmu akwai abin da Turawa suke biyan kuɗin jirgi su zo gani, mu muna kwance a kusa da shi. Baturiya tana ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, gaba da Haɗeja. Daga ƙauyenmu ku bi ta Malam Madori, tafiyar safiya ce. Yanki ne na fadamun Haɗeja da Nguru. Kogin Kano da na Challawa su suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, idan ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan sai ya rarrabu ya malale, ya bar tafkuna tsakanin tuddan rairayi, ragowar ruwan ya bi ta Yobe ya nufi tafkin Chadi. Ka tsaya a tudu, ƙafarka a cikin yashi, goruba a bayanka, bagaruwa a gefe, gabanka kuma ruwa ne shimfiɗe da bado a kansa.

Da hunturu, tsuntsaye suna tasowa daga Turai gudun sanyi, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara gaba ɗaya, kuma fadamun nan suna cikin ruwan farko da suke tararwa bayan hamada. Ƙananan agwagin ruwa ne da masu dogayen ƙafafu, su sauka cikin namu na gida, ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Ku isa kafin rana ta ɗaga, ku zaunar da yara a ƙasa, kowa ya yi shiru. Da farko ba za su ga komai ba sai baƙi-baƙi a kan ruwa. Can sai shaho ya gifta, ko mai kwalekwale ya buga sanda, sai ka ga ruwan gaba ɗaya ya tashi sama, ƙarar fukafukai kamar ana sheƙar gero a masussuka. Su yi kewaye su dawo su sauka inda suka tashi. Babu keji, babu waya, babu mai ba su abinci. Wani lokaci masunta kan tarar da tsuntsu da ɗan zobe a ƙafa, da lamba da sunan wata ƙasa, masu bincike ne na can suka saka masa don su san inda yake zuwa. Ka gaya wa yaro ɗan tsuntsun nan da bai kai kazarsu ba ya ratsa hamadar da raƙumi yake wata guda bai gama ba, ka ga yadda idonsa zai yi.

Saboda haka ne a 2008 aka saka Baturiya cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kare, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da wurin gandun daji na ƙasa, tare da dajin Falgore na Kano. Amma kada ka ɓoye musu ciwon wurin. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ambaliyar da take cika fadamun ta ragu, yanayin zuwan ruwan ya canza. Dam ɗin sun yi amfani, da su ake noman rani a Kadawa da Kura, Kano ma da su take shan ruwa. Sai dai a ƙasa ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, jan baki kuma ya samu maɓoya yana fitowa yana cin shinkafar mutane. Ga masu saran itace. Ka bar yara su tambayi masunci ko manomi na wurin, su ji daga bakin mai abin.

Kuma a hanya, don Allah kada a bar su suna barci ko waƙa kawai. A tsaya sau ɗaya a nuna musu gawo, a tambaye su me ya sa yake zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, me ya sa gero yake kyau a ƙarƙashinsa. A nuna musu aduwa, kurna, magarya, da layukan darbejiya da aka dasa don tare iska. Yaron da yake zaune a bakin hamada ya kamata ya san itatuwan da suke tsaye tsakaninsa da ita.

Wani ya ambaci Birnin Kudu. E, akwai zanen shanu na mutanen da a jikin duwatsu, irin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, abin gani ne, amma ya yi muku kudu da yawa, ku bar shi wata shekara. Tuddan rairayi na sosai kuwa sai Yusufari a Yobe, wajen Tulo-Tulowa, wannan tafiyar manya ce. Haka gidan Sarkin Damagaram, tunda sai an ƙetare iyaka. In raƙuma kake so su gani, ga Maigatari nan a hancinmu, ranar Alhamis ka kai su kara, ko sisi ba za ka biya ba.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su. Takarda daga hedimasta, a aika wani da ita tun kafin ranar a ji kuɗin shiga na 'yan makaranta, na Baturiya kuma a nemi ma'aikatan gandun su ba ku ɗan jagora, kada ku shiga da ka. Malama mace ta bi ku saboda 'yan mata. Ruwa a jarka ya fi na leda auki. Hunturu ne, kowa da rigar sanyi da man shafawa, mai asma kada ya bar maganinsa. Ka rubuta lambar wayarka a 'yar takarda ka saka wa kowane yaro a aljihu, kuma duk hawa duk sauka a ƙirga su. Direba ya zama wanda muka sani, kuma magariba ta yi muku a gida.

Shawarata ke nan, ɗana. Kuɗin iyaye a yi tafiyar Kano da su, tunda da sunanta aka karɓa, kada a canza musu magana. Ta Baturiya kuwa ina roƙon 'yan'uwa na zauren nan mu ɗauke ta, mota ce da mai kawai. Ni na ɗauki rabin kuɗin mai, kuma in Allah ya kai mu da rai da lafiya da ni za a je, har tsohon madubin hangen nesana zan ɗauko yara su karɓa bi da bi. Hajiya Yaya, ke ce babba, ki sa baki. Malam, ka turo mana adadin yaran mu san girman motar da za a nema.

Ku gafarce ni na cika ku da surutu. A gaida iyali. Allah ya tashe mu lafiya. Wassalamu alaikum.