Tambaya da Amsa: Wace Lasifika Ta Dace da Sinimar Falo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala gyaran falona a Kaduna, faɗinsa kimanin mita 4 ne, tsawonsa mita 5, kuma tayil ne a ƙasa. Ina son sautin da zai kewaye mai kallo kamar na gidan sinima. Mai shago ya ce in ɗauki Sony ko LG da ake sayarwa a kwali ɗaya, abokina ya ce JBL, yayana da ke Amurka kuma ya ce zai turo mini Klipsch ko Polk tare da risiba ta Denon, wato na'urar da ke karɓar sauti ta rarraba wa lasifikokin. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kowane ɗaya daga cikin kamfanonin nan yana da kaya masu tsada da masu araha, don haka sunan da ke jikin akwati kaɗai ba zai raba maka gardama ba. Abin da za ka fara lura da shi shi ne kaya iri biyu aka yi maka tayi. Na kwali ɗaya yana zuwa da komai a haɗe, ba ya wahalar ɗaurawa, kuma kuɗinsa da dama-dama. Aibinsa shi ne lasifikokinsa sau da yawa masu om 3 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta), da bakin waya na musamman, ta yadda ranar da uwar na'urar ta ƙone da wuya ka samu wata da za ta karɓe su lafiya. Iri na biyu kuwa risiba ce daban da lasifikoki daban, galibi masu om 6 ko 8, waɗanda za ka iya saya sannu a hankali, ka kuma canza wadda ta lalace ba tare da ka taɓa sauran ba. Idan aljihu zai ɗauka, wannan na fi so maka.

Falo mai girman naka tsarin 5.1 ya ishe shi, wato lasifika uku a gaba, biyu a gefen mai zama da ɗan karkata zuwa bayansa, sai wufa guda mai fitar da rugugi. Tsarin 7.1, mai ƙarin lasifika biyu a baya, yana buƙatar fili a bayan kujera, alhali yawancinmu jikin bango muke jingina kujerun falo.

Inda nake son ka fi mai da hankali shi ne ukun nan na gaba. Lallai su fito daga kamfani ɗaya, kuma daga jeri ɗaya na kayan kamfanin, domin kowace lasifika tana da irin muryarta. Idan mota ta ratsa majigi daga hagu zuwa dama, ƙararta tana bi ta cikin ukun ne ɗaya bayan ɗaya, kuma in muryoyinsu sun saɓa kunne zai ji kamar motar ta canza a tsakiyar hanya. Ta tsakiya ita ce ke ɗauke da kusan duk maganar 'yan wasa, amma ita mutane suka fi yi wa rowar kuɗi, sannan su dawo suna kukan cewa harbi yana girgiza gida alhali ba sa jin abin da ake faɗa. Na gefe da wufa kuwa babu laifi su zama na wani kamfani dabam.

Game da sunayen da aka lissafa maka, Klipsch kamfanin Amurka ne da aka kafa a 1946, kuma an san shi da lasifika mai baki irin na ƙaho, wadda ke ba da ƙara sosai da wuta kaɗan. Sai dai a ɗaki mai tayil da bangon siminti tsirara kaifinta yakan gajiyar da kunne, sai an shimfiɗa kafet an rataya labule mai kauri. Muryar Polk ta fi taushi, kuma a ganina ta fi dacewa da falonka yadda yake yanzu. JBL na ƙarƙashin kamfanin Harman ne, wanda Samsung ya saya a 2017, yana kuma da kaya nagari, amma mafi yawan abin da ke ɗauke da sunansa a kasuwanninmu na Bluetooth ne da na biki, kuma jabu ya yi yawa a cikinsu.

Kada manyan lambobin da ke jikin kwali su ruɗe ka. Wat dubbai da aka rubuta tare da PMPO adon talla ne. Wanda aka rubuta da RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai, shi ne abin dubawa. Ka duba kuma desibel ɗin lasifikar, wato ma'aunin ƙarar da take bayarwa, domin mai 90 rabin wutar da mai 87 ke ci take buƙata kafin ta kai ƙara ɗaya da ita. Idan za ka gwada a shago, ka tafi da fim ɗin da ka sani a filashi, ka roƙi mai shago ya rage ƙara, ka saurari magana. Kiɗa mai rugugi da suke kunnawa yana ɓoye aibi da yawa.

Batun kayan yayanka kuma, wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Lasifikokin da risiba ke ciyarwa babu ruwansu da wannan, yana iya turo su. Risiba da wufa su ne ake jonawa a soket, kuma in aka jona na Amurka kai tsaye suna iya ƙonewa. Gara ka sayi waɗannan biyun a nan, masu rubutun 220 zuwa 240, ka haɗa musu da sitabilaiza saboda hawa da saukar wutar NEPA da ta janareta.

Tambaya: Malam, ni daga Zariya nake rubutowa. Maigidana ya haɗa mana 5.1, amma lasifikokin baya shiru suke yi. Sun lalace ne?

Amsa: Hajiya, da wuya a ce lalacewa ce. Mafi yawan bidiyon YouTube da na waya sautin hagu da dama kawai suke ɗauke da shi, saboda haka babu abin da za a aika baya. Ki shiga saitin na'urar ki kunna gwajin sauti, wanda ke bin lasifikokin ɗaya bayan ɗaya. In na bayan sun amsa, a haɗa talabijin da na'urar da wayar HDMI ta ramin da aka rubuta ARC, a mayar da fitar sautin talabijin daga PCM zuwa Dolby Digital, sannan a gwada da fim mai alamar 5.1. In kuma ba su amsa gwajin ba, a bi wayoyinsu tun daga bayan na'urar a ga ko wata ta zare ko ta tsinke a ƙarƙashin kafet.