Amsa kan jerin zaɓin jiha da ƙaramar hukuma a Flutter

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Wannan muryar amsa ce ga ƙanenmu da ya turo hoton allo bayan Magariba, ya ce yana haɗa fom ɗin rajista da Flutter, wato kayan aikin haɗa manhajar waya, ya sa jerin zaɓi biyu, na jiha a sama na ƙaramar hukuma a ƙasa, yana so ya gyara musu fasali su yi kyau, amma da ya canza jiha sai allon ya koma ja wur, alamar an samu kuskure a kod.

To ƙanena, ka ajiye maganar kwalliya tukuna, jan allon nan za mu fara kashewa. Ga abin da ke faruwa, ka zaɓi Kano, ka zaɓi Dala, sai ka koma sama ka mayar da jihar Katsina, jerin ƙasa ya cika da ƙananan hukumomin Katsina 34 ɗin nan amma value ɗinka, wato inda ake ajiye abin da aka zaɓa, yana nan riƙe da Dala, shi kuwa DropdownButton, wato jerin zaɓin da kake amfani da shi, sharaɗinsa dole abin da ka ba shi ya yi daidai da abu guda tak a cikin jerin, in babu ko kuma sun zama biyu sai ya yi maka bore. Maganin layi ɗaya ne, a cikin onChanged na jiha, cikin setState, ka mayar da ƙaramar hukumar null, wato babu komai. In DropdownButtonFormField, wato nau'insa na cikin fom, kake amfani da shi ka ƙara masa key, ValueKey na jihar, don duk sanda jiha ta canza ya sake ginuwa daga farko.

Sannan don Allah kar ka sa suna a matsayin value, ka ba kowacce lamba tata. Ƙananan hukumomi 774 muke da su kuma akwai masu suna iri ɗaya, Obi tana Benuwai tana Nasarawa, Bassa tana Kogi tana Filato, Surulere tana Legas tana Oyo. Ni wannan ya taɓa cin min dare guda cur, ina ta laluben kuskure a wani wajen daban ashe Bassa biyu ce a jerin.

Yawwa, yanzu kwalliyar. Ka sa isExpanded ya zama true, in ba haka ba dogon suna irin Birnin Magaji/Kiyaw ta Zamfara zai tsallake gefe ka ga zanen rawaya da baƙin nan da Flutter ke nunawa in abu ya wuce iyakarsa. Ka sa menuMaxHeight kamar 300 don kar jerin ya rufe allon gaba ɗaya. Layin da ke ƙasa in ba ka so, ka naɗe shi da DropdownButtonHideUnderline sai ka yi naka akwatin mai lanƙwasar kusurwa. Akwai kuma selectedItemBuilder, shi ne mutane ba su cika sani ba, da shi za ka sa abin da ake gani bayan an zaɓa ya bambanta da na cikin jerin. Tsayin kowane layi kar ya gaza 48, Flutter ma ba zai yarda ba, kuma gaskiyarsa ce, yatsan mutum ba bakin allura ba ne.

Amma abin da ya fi damuna shi ne Kano kaɗai 44 gare ta. Na tsaya kusa da wani dattijo yana cike irin wannan fom a ƙaramar wayarsa, yana ja yana ja yana neman Tudun Wada, ya wuce ta sau biyu, ƙarshe ya taɓa Tsanyawa bai ma lura ba. Shi ya sa nake cewa ka koma DropdownMenu da ya zo a Flutter 3.7 a 2023, ka kunna enableFilter mutum ya rubuta harafi biyu uku jerin ya ragu, kuma ka sa requestFocusOnTap true, don a waya in ba ka sa ba madannin rubutu ba zai fito ba, sai ka zaci abin ya lalace.

Ka gwada a waya mai ƙaramin allo, kar ka tsaya a kwamfutarka kawai. In jan allon ya dawo ka turo min kod ɗin onChanged ɗin nan, ina nan har ƙarfe 11.