Shawarar Lauya: An Tsallake Maigidana a Jerin Hafsoshin da Aka Mayar na Dindindin

Assalamu alaikum, Barista. Maigidana injiniya ne, ya shiga sojan ƙasa ta hanyar DSSC, wato tsarin ɗaukar ƙwararru kai tsaye a matsayin hafsoshin wa'adi, yanzu kyaftin ne kuma yana cikin shekararsa ta bakwai. Sau biyu yana neman a mayar da shi hafsan dindindin. Wajen wata ɗaya da rabi ke nan da aka fitar da sunaye, babu nasa, alhali akwai waɗanda suka shigo bayansa a ciki. Ba a ba shi dalili a rubuce ba. A bakin wani ya ji cewa wata tsohuwar takardar tuhuma ce a fayil ɗinsa, wadda ya amsa tun yana laftanar, aka ce magana ta wuce. Shi dai ya ce a bar wa Allah. Ni kuwa yara nake dubawa, da ranar da za a ce mu kwashe kaya daga bariki. Wani abokinsa ya ce kada mu damu, in wa'adinsa ya cika cikin sojojin ajiya za a sa shi, da zarar an sake kiransa ya zama na dindindin ke nan. Wani kuma ya ce a kawo kuɗi a gyara. Shin mayarwar nan haƙƙinsa ce? Kuma zan iya kai ƙara a madadinsa? A sakaya sunana.

Wa alaikumus salam, Malama. Kin kyauta da kika nemi a sakaya suna, domin soja yana da dokoki masu tsauri game da fitar da maganar aiki a kafafen yaɗa labarai da na sada zumunta, kuma ba ma so neman gyara ya jawo masa wata tuhumar.

Zan fara da abin da ba za ki so ji ba. Mayar da hafsan wa'adi ya zama na dindindin ba haƙƙi ba ne da zai riƙe wa rundunar wuya a kansa. Sanarwar ɗaukar 'yan DSSC da rundunar sojin ƙasa ta riƙa fitarwa a shekarun nan ta faɗi sharaɗin ƙarara: wa'adin farko shekara 8 ne, bayansa a riƙa sabuntawa shekara-shekara har zuwa wasu 7, jimilla 15. Hafsa yana iya neman mayarwa bayan ya yi shekara 3 da anini a kafaɗa, amma ba kai tsaye ake yi ba, sai in akwai gurbi kuma ya cika ƙa'idojin da ke aiki a lokacin. Kafin a ƙaddamar da su ma, kowane ɗalibin hafsa sai ya sa hannu cewa ya amince da waɗannan sharuɗɗa. Maigidanki ya sa wannan hannun. Duk lauyan da zai kare rundunar a kotu, wannan takarda ce zai fara ɗagawa.

Dokar Rundunonin Soja, wato Babi na A20 a kundin dokokin tarayya na 2004, ita ma haka ta tsara. Sashe na 23 ya ce ba a ba kowa muƙamin hafsa sai da shawarar kwamitin hafsoshi da shugaban rundunar ya kafa. Sashe na 26 kuma ya bar wa Shugaban Ƙasa ikon yin ƙa'idojin ƙaddamarwa, ƙarin girma, ritaya da murabus. Daga nan littafin sharuɗɗan aikin hafsoshi da ake kira HTACOS ya samo ƙarfinsa. Kotunan Najeriya sun daɗe suna cewa ƙarin girma alfarma ce ba haƙƙi ba, kuma da wannan ido za su kalli mayarwa. Alƙali ba zai zauna a kujerar kwamitin ya ce wane ya fi wane cancanta ba, balle ya ƙirƙiro gurbin injiniya inda rundunar ta ce babu. Zancen cewa na bayansa sun samu, shi kaɗai ba ya kai ko'ina. Gurbi yana bin fanni ne. Mai yiwuwa likitoci ko malamai ake buƙata a wannan karon. Ga kuma sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya wajabta cewa jerin hafsoshi ya nuna daidaito tsakanin sassan ƙasa, don haka jihar mutum ma tana iya shiga lissafi.

To ina haƙƙin nasa yake? Yana wurin yadda aka yanke shawarar. Aikin hafsa aiki ne da doka ta kafa sharuɗɗansa, ba irin na yaron shago ba da maigida zai sallama don ransa ya ɓaci. Idan HTACOS ta jera abubuwan da kwamiti zai duba, dole su ne za a duba. Idan kuma aka ɗauko wani abu da ba ya cikin jerin aka yi masa hukunci da shi, ko aka dogara da laifin da ba a taɓa tabbatarwa a kansa ba, a nan ne doka take da abin cewa, domin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowa damar a ji ta bakinsa.

Wannan ya kawo mu ga tsohuwar takardar tuhumar, kuma a ganina ita ce zuciyar maganarku. Akwai bambanci babba tsakanin takardar da aka ba hafsa aka ce ya yi bayani, ya yi, aka rufe, da kuma shari'ar gaggawa a gaban kwamanda wadda aka same shi da laifi aka rubuta masa horo, ko da tsawatarwa ce kawai. Ta farko tambaya ce. Ta biyu hukunci ne, yana zama a fayil, kuma kwamiti yana da damar ya duba shi. Hafsoshi da yawa suna rikita biyun. Mutum ya shiga ofishin kwamanda da hula a hannu, aka karanta masa caji, ya ce ya yarda kwamanda ya yanke, aka ce an tsawatar masa, ya sara ya fita yana ganin magana ta wuce, alhali an cike fom an aika sama. Ki zaunar da shi ki tambaye shi a natse: an karanta masa caji a ranar? An tambaye shi ko ya yarda da hukuncin kwamanda ko yana son kotun soja? Ya sa hannu a wani fom? Amsarsa ce za ta nuna ko kokensa yana da ƙafar tsayawa. Kuma ki lura, har yanzu ji ya yi a bakin wani. Jita-jitar bariki ba hujja ba ce. Matakin farko shi ne ya sa a faɗa masa dalilin a rubuce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarki: wata ɗaya da rabi. Sashe na 178 na Dokar Rundunonin Soja ya ba hafsan da yake ganin an zalunce shi hanyar koke. Zai fara rubuta wa kwamandansa, kuma dole ya yi hakan cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. In bai samu biyan buƙata ba, yana da wasu wata uku ya ɗaga koken zuwa Majalisar Rundunonin Soja ta hanyar da aka tsara, majalisar ta bincika, kuma in ya nema, maganar tana iya kaiwa ga Shugaban Ƙasa. Sashen ya ce sai hafsa ya gama bin waɗannan matakai kafin ya nufi wani wuri, kuma kotuna sun sha korar ƙarar sojoji saboda tsallake su, ba tare da sun ma leƙa gaskiyar maganar ba. Rabin lokacinsa ya riga ya tafi. Barin wa Allah ba ya hana rubuta takarda. Na san abin da yake tsoro, kada a ce masa mai taurin kai a ƙara danne shi. Tsoron ba na banza ba ne, amma sashen da kansa ya hana a hukunta hafsa don ya kai koke bisa ƙa'ida. Abin da ke jawo fushin manya yawanci salon takardar ne, ba takardar kanta ba.

Don haka ta kasance gajera, cikin ladabin soja. Ya faɗi ranar da aka ƙaddamar da shi, ranakun da ya nemi mayarwa, jarrabawar ƙarin girma da kwasa-kwasan da ya ci, da sakamakon gwajin lafiyarsa. Ya roƙi a sanar da shi dalilin da ya sa ba a zaɓe shi ba, a gyara fayil ɗinsa in akwai kuskure, sannan a sake gabatar da shi a zaman kwamiti na gaba. Kada ya ambaci sunan abokan aikinsa da suka samu, kada ya zargi kowa da son kai in ba shi da shaida. Ya kai da kansa, a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinsa, ya kawo miki gida ki adana. Wannan hatimin ne zai nuna wa alƙali, in an kai can, cewa bai makara ba. Lauya yana iya taya shi tsara ta, amma da sunansa da sa hannunsa za ta fita, ba a kan takardar ofishin lauya ba.

Ya kuma nemi HTACOS ɗin da ke aiki yanzu ya karanta babin mayarwa da idonsa. Bisa lissafin shekarunsa, ya shigo ne a ƙarƙashin ta 2017, amma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwa a Disamba 2024. Tunda sharaɗin da ya amince da shi ya ce ƙa'idojin da ke aiki a lokacin nema, sabuwar ce za a auna shi da ita, ba wadda ya haddace a Jaji ba. Ya duba musamman ko akwai iyakar shekarun haihuwa, iyakar muƙami ko adadin lokutan da ake iya nema.

Maganar abokin nan kuwa, ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Sashe na 25 na Dokar Rundunonin Soja ya ce hafsan da ya yi ritaya ko aka yarda ya ajiye aiki ana iya sake kiransa a cikin wa'adinsa na ajiya, kuma in an kira shi zai yi aiki har sai an sallame shi. Wannan nauyi ne a wuyansa, ba dama ba ce a hannunsa. Rundunar ce ke kira in ta ga buƙata, shi ba ya iya cewa a kira shi, kuma kiran ba ya canza irin muƙamin da aka ba shi tun farko. Babu wata ƙofar baya daga ajiya zuwa dindindin a wannan sashe. Mai cewa a kawo kuɗi shi ma ku rabu da shi. Mai bayarwa da mai karɓa duka masu laifi ne a dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000, kuma hafsa kotun soja zai fuskanta. Yawancin masu irin wannan tayin ma ba su san ko ƙofar ofishin da ake zaman ba.

Ke ba za ki iya kai ƙara a madadinsa ba. Shi aka ba muƙamin, shi abin ya shafa, shi kaɗai doka ta sani. In ya gama bin matakan cikin gida, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce wurin zuwa, bisa sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki. A nan ma akwai agogo. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara. Kotun Ƙoli ta ce a 2019 dokar ba ta shafi rikicin aiki ba, a 2021 kuma ta yi amfani da ita a kan ma'aikatan wata jami'a. Tunda hukuncin ya rabu biyu, lauya mai hankali zai ɗauka tana aiki, ya shigar cikin wata uku daga amsar ƙarshe. Abin da kotu za ta iya ba shi bai wuce ta soke shawarar in an saɓa ƙa'ida, ta sa a cire abin da bai kamata ya zauna a fayil ba, ta umarci a sake duba shi. Ba za ta maƙala masa muƙamin dindindin ba. Kuma gaskiya, cin shari'a da soja daban, ganin an aiwatar daban. Cikin manyan hafsoshi 38 da aka yi wa ritayar dole a Yuni 2016, akwai waɗanda kotu ta ce a mayar da su bakin aiki, amma suka shafe shekaru suna bin hukuncin. Shi ya sa nake ganin takardar da zai kai wa kwamandansa a wannan makon ta fi masa amfani fiye da duk ƙarar da zan shigar masa baɗi.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ya fi kusa da tukunyarki. Wa'adinsa na farko, shekara 8, ya kusa cika. Sabunta wa'adi daban, mayarwa daban, kowanne da takardarsa. Kada zafin rashin mayarwa ya sa ya manta ya nemi sabuntawa a kan lokaci, domin muddin yana cikin kaki yana da damar sake nema, in kuma wa'adin ya ƙare ba a sabunta ba, maganar mayarwa ta mutu da kanta. Sojoji ba sa cikin tsarin fanshon adashen gata tun gyaran doka na 2011, Hukumar Fanshon Soja ce ke biyansu, kuma yawan shekarun aiki ne ke raba mai tafiya da garatuti kawai da mai fansho. Ya je ofishin kuɗi na rundunarsa a lissafa masa abin da zai samu in ya fita a shekara ta 8, ta 10 da ta 15, ku zauna ku duba tare.

Ku kuma tambayi kanku ko dindindin ɗin yake so da gaske, ko kunyar a ce an tsallake shi ce. Injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, wanda ya yi aikin soja yana da kasuwa a waje, kuma fita daga soja ba ta da sauƙi ga wanda ya ɗaure kansa. A Satumba 2025 Kotun Ma'aikata a Abuja, a ƙarar wani hafsan sojin sama, ta soke sharaɗin da ke tilasta yin shekara 15 kafin a yi murabus, ta ce ya saɓa wa Kundin Tsarin Mulki. Hukunci ne mai muhimmanci, sai dai na kotun farko ne, Kotun Ɗaukaka Ƙara tana samanta, don haka kada ya gina lissafinsa a kansa shi kaɗai.

In za ku ga lauya, ku nemi wanda ya saba da shari'ar soja, ku tafi da takardar ƙaddamarwarsa, kwafin sharuɗɗan da ya sa wa hannu, takardun nema guda biyu, siginar, wato sanarwar rundunar, da ta fitar da sunayen, da duk abin da ya rage a hannunsa na waccan tsohuwar tuhumar, har da amsar da ya rubuta. Kwanan watan da ke kan siginar shi lauyan zai fara dubawa, daga shi za a ƙirga wata ukun.