Tambaya da Amsa: Yaushe ya kamata mu je kallon furen sakura a Tokiyo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatu a birnin Tokiyo na ƙasar Japan, kuma zan isa can a tsakiyar watan Maris tare da maiɗakina. Na sha jin labarin furen sakura, wato furen itacen ceri na Japan, da yadda mutanen ƙasar suke cika lambuna domin kallonsa. Wane lokaci ne ya fi dacewa, wane lambu za mu nufa, kuma me za mu kiyaye don kada mu yi abin kunya a gaban masu gida?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya sa a gama karatu lafiya. Ka dace da lokaci ɗan'uwa, domin a Tokiyo furen yakan fara buɗewa ne a ƙarshen Maris, ya cika bayan kamar mako guda, sannan ya soma zuba, ta yadda daga farkonsa zuwa ƙarshensa da wuya ya wuce mako biyu. Dalilin wannan gajarta shi ne yawancin itatuwan birnin iri ɗaya ne, wanda ake kira Somei Yoshino, kuma ta hanyar aurar da reshe ake yaɗa shi, don haka kusan a tare suke buɗewa, a tare kuma suke kaɗewa. Hukumar kula da yanayi ta Japan tana da wata itaciya a harabar wurin bauta na Yasukuni wadda jami'anta suke dubawa, idan suka ƙirga fure biyar ko shida a kanta sai su sanar da cewa lokaci ya kama. Ka bibiyi wannan sanarwa, kada ka dogara da kwanan watan bara, saboda ɗumin yanayi yana sa furen ya yi sauri. A 2021 sakuran birnin Kiyoto na Japan ya cika tun 26 ga Maris, abin da ba a taɓa gani ba a bayanan da aka adana na sama da shekara 1,000.

Game da wuri, lambun Ueno shi ne ya fi suna. An kafa shi a 1873, kuma ɗaruruwan itatuwa ne suka yi wa babbar hanyarsa rumfa, amma a ƙarshen mako cunkoson yakan kai mutum bai iya tafiya sai da jan ƙafa, ga shan barasa da hayaniya da zarar rana ta yi yamma. Tunda da iyali za ka je, ni Shinjuku Gyoen zan zaɓa maka. Ana biyan yen 500 kuɗin shiga, an hana shiga da barasa, fili ne mai faɗi da ciyawa, kuma yana da ire-iren sakura masu jinkirin buɗewa waɗanda ke kaiwa tsakiyar Afrilu, wato ko hidimar rajistar makaranta ta cinye maka makon farko ba ka yi asara ba. Ku yi sammako a ranar aiki, domin ana rufe ƙofa kafin dare.

Wannan al'ada suna kiranta hanami, ma'ana kallon fure, kuma ladubbanta ba su da yawa amma ana riƙe su da muhimmanci. Ana shimfiɗa leda a ƙarƙashin itace a inda aka yarda da hakan, a cire takalmi kafin a hau, a ci abin da aka zo da shi. Kada ka tsinki fure, kada ka girgiza reshe don ɗaukar hoto, kada kuma ka shimfiɗa a kan saiwa. Idan ka tarar da shuɗiyar leda da saurayi ɗaya zaune a kanta tun da safe, galibi ƙaramin ma'aikaci ne da abokan aikinsa suka tura ya kama musu wuri, don haka ba fili ne da babu mai shi ba. Sharar da kuka tara ku ƙulle ta ku koma da ita gida. Abincin rumfunan bakin hanya kuwa ku tambaya kafin ku saya, domin naman alade da giyar girki suna shiga cikin da yawa daga cikinsa. Ku kuma riƙe rigar sanyi, saboda da yamma iska takan yi sanyi ƙwarai.

A ganina kada ka damu da lallai sai ranar da furen ya cika, wadda kowa ke rububinta. Kwana uku ko huɗu bayanta ne iska take fara kaɗo furen, yana sauka a kafaɗar mutum da cikin kofin shayinsa. A waɗannan kwanaki ku leƙa Chidorigafuchi, wani ruwa da ke bin ganuwa kusa da fadar sarkin Japan, inda ake ba da hayar ƙananan kwale-kwale, kuma furen da ya zuba yakan lulluɓe ruwan ganuwar har sai wanda ke tuƙi ya riƙa ratsa shi da filafili.